Yadda Ake Yanke Farashin Adalci Idan Za Ka Ba Da Hayar Makin Masaukin Hutu

A cikin 'yan uwanmu mazauna Amurka akwai waɗanda suka sayi masaukin hutu na karɓa-karɓa, wato irin wanda mutane da yawa ke tarayya a kansa, kowa da rabonsa na kwanaki a shekara. A da mako guda ake sayar wa mutum, a ɗaki kaza, a wata kaza. Yanzu manyan kamfanonin, irin su Disney, Marriott, Hilton da Wyndham, maki suke sayarwa. Duk shekara a zuba maka adadin da ka saya, ka kashe shi a kan kwanakin da kake so. To, wata shekarar sai tafiya ta gagara: ko aiki ya riƙe ka, ko kuɗin hutun ya tafi ga zuwa gida, ko ga Umara. Kuɗin kula da masaukin kuwa ba ya jiran kowa, Janairu na kamawa za a nemi a biya. Nan ne mutum ke tunanin bai wa wani haya, sai ya tsaya cak a kan tambaya guda: nawa zan ce?

Zan yi bayanin da tsarin Disney Vacation Club, wanda aka fara a 1991 da masaukin da yanzu ake kira Old Key West a jihar Fulorida, domin kasuwar hayarsa a buɗe take kuma ƙa'idojinsa a rubuce suke. Hanyar lissafin dai za ta yi maka aiki a kowane kamfani. Alƙaluman da zan yi misali da su na kwatance ne, ka cire su ka sa naka.

Da farko, tabbatar kana da ikon ba da hayar

Kafin maganar kuɗi, ɗauko takardun da ka sa wa hannu ka karanta. Disney ta yarda mai maki ya kama wa wani ɗaki ya karɓi kuɗi jefi-jefi, amma ta hana a mayar da abin sana'a, kuma a 2025 ta ƙara tsaurara lafazinta a kan haka. Wyndham na da lokutan da take taƙaita kama wa baƙi ɗaki a wasu masaukai. Wanda ya fi muhimmanci: makon da ka samu ta hanyar musaya a RCI ko Interval International, wato kamfanonin da masu mallaka ke musayar makonninsu ta hannunsu, ba a ba da shi haya, ƙa'idarsu ta hana. Idan aka gano, za a iya soke ɗakin, mutumin da ya biya ka ya iso da iyalinsa ya tarar babu wurin kwana. Babu farashin da zai zama na adalci a kan abin da ba ka da hurumin sayarwa.

Mataki na biyu: nawa kowane maki yake ci maka

Wannan shi ne ƙasan farashinka, kuma a nan mutane da yawa ke cutar kansu ba su sani ba. Sukan duba kuɗin kula na shekara kaɗai, su ce duk abin da ya hau kansa riba ce. Sun manta da uwar kuɗin da suka zuba ranar saye.

Mallakar Disney tana da ranar ƙarewa. Ta masaukan Beach Club da BoardWalk za ta ƙare a 2042, ta Saratoga Springs a 2054, ta Bay Lake Tower a 2060, ta Riviera a 2070. Ran da wa'adin ya cika, abin ya koma hannun kamfani, ba a mayar maka da ko sisi. Ke nan kuɗin sayenka yana narkewa kaɗan-kaɗan duk shekara, dole ka sa shi a lissafi.

A ce ka sayi maki 150 na Saratoga Springs daga hannun wani a 2024, a kan dala 100 kowane maki. Saura shekara 30 ke nan. Raba 100 gida 30, za ka samu dala 3 da 'yan kai, kusan 3.33. A ce kuɗin kula na bana dala 8.50 ne a kowane maki. Haɗa su: dala 11.83, mu ce 12. Idan bashin banki ka ci ka saya, ruwan da kake biya a shekara shi ma ka raba shi a kan makin ka ƙara. Sannan ga ƙananan abubuwa masu cin kuɗi a ɓoye. Idan ta PayPal za a biya ka ta hanyar da ke kare mai saye, za a cire kusan kashi 3 cikin 100. Kuɗin haya kuma kuɗin shiga ne a idon hukumar harajin Amurka, sai ka bayyana shi, don haka ka tambayi mai yi maka lissafin haraji tun kafin ka kashe.

Yanzu kana da lamba biyu a hannu. Dala 12 ita ce wadda in ka sauka ƙasa da ita ka fara cin uwar kuɗi. Dala 8.50 kuwa ita ce ta ranar tsanani, ranar da burinka kawai ka fanshe kuɗin kula. Ka rubuta su a takarda ka ajiye, domin idan mai haya ya fara tayi, zuciya takan raurawa.

Abu guda da nake so ka riƙe: mai haya bai damu da nawa ka saya ba. Wanda ya saya kai tsaye daga kamfani da tsada, ya kuma ci bashi, ƙasansa zai iya kai dala 17 ko fiye, amma wannan ba zai sa kasuwa ta biya shi fiye da maƙwabcinsa da ya saya da araha ba. Lissafin nan naka ne, don ka san inda kake tsaye.

Mataki na uku: nawa mai hayar zai biya idan bai zo wurinka ba

Wannan shi ne rufin farashin. A nan ya kamata ka fi daɗewa, domin a nan adalci yake fitowa ko ya ɓace.

Shiga shafin Disney kamar kai ne baƙon. Nemi ɗakin da makinka zai kama, a ranakun da ake magana, ka ga kuɗinsa. A ce ƙaramin ɗaki ne mai ɗan wurin dafa shayi, kwana 5, kuma jadawalin maki ya ce zai ci maki 80. A ce kuɗinsa a shafin dala 480 ne a dare. Ƙara harajin otal, wanda a gundumar Orange, inda mafi yawan masaukan suke, kashi 12.5 ne cikin 100. Ya zama 540 a dare, 2,700 a kwana biyar. Raba da 80, kowane maki ya tashi dala 33.75.

Wannan lambar ce ke ruɗar masu maki. Sai ka ji mutum na cewa ai ko 28 ya karɓa ya yi wa baƙo alheri. Ba haka ba ne, saboda dalili uku.

Na ɗaya, mutane kaɗan ne ke biyan farashin allo. Disney takan yi rangwame a lokuta da dama na shekara. In aka sauke kashi 25 cikin 100, daren ya koma 360, da haraji 405, kwana biyar 2,025. Raba da 80: dala 25 da ɗoriya. Da wannan za ka gwada kanka, ba da na farkon ba.

Na biyu, mai neman hayar maki yawanci mai lissafi ne. Idan ka yi masa tsada, zai sauka zuwa otal mai matsakaicin daraja irin Port Orleans ko Caribbean Beach, ko ya kama gida sukutum a garin Kissimmee da ke kusa ya riƙa shigowa da mota. Duba kuɗin waɗannan ma, don ka san da wa kake gasa.

Na uku, kuma shi ne babba: abin da kake sayar masa bai kai na kamfani inganci ba, ko da ɗakin ɗaya ne. Wanda ya kama kai tsaye zai iya sokewa 'yan kwanaki kafin tafiya a mayar masa da kuɗinsa. Naka mai hayar, in ɗansa ya kwanta rashin lafiya, galibi kuɗinsa sun tafi. Ba za a riƙa yi masa cikakkiyar sharar ɗaki kullum ba. Ba zai iya kiran ofishin membobi ya canza komai ba, sai ta bakinka. Ɗakin yana ƙarƙashin ikonka har ranar da ya karɓi mabuɗi, wato ya miƙa dubban daloli ga mutumin da bai taɓa gani ba, bisa amana kawai. Wannan kasadar kuɗi ce, kuma shi ke ɗauke da ita. A ganina, in ba ka sauke masa aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na farashin rangwamen ba, ba ka biya shi ladan kasadarsa ba. Kashi ɗaya cikin biyar na 25 shi ne 5. Rufinka ya dawo dala 20.

Ga filin cinikinka ya fito: tsakanin 12 da 20.

Mataki na huɗu: leƙa kasuwa

Ba a yanke wa akuya kuɗi a gida sai an ji yadda kasuwa ta ci. Akwai dillalan da wannan ne aikinsu, irin su David's Vacation Club Rentals da DVC Rental Store, kuma suna bayyana lambobi biyu a fili: abin da suke karɓa daga mai haya da abin da suke biyan mai maki. Bambancin shi ne la'adarsu. Akwai kuma RedWeek, inda masu mallaka na kamfanoni daban-daban ke tallan makonninsu.

A ce ka tarar dillali na karɓar 21, yana biyan mai maki 17. Idan kai da kanka za ka nemo mai haya, farashinka ya faɗa tsakanin biyun, kamar 18 ko 19. Kada ka nemi 21 ɗin, domin mutum zai gwammace ya bi ta hannun dillali mai suna da ofishi in kuɗin ɗaya ne. Kada kuma ka sauka ƙasa da 17 ba dalili, tunda da ka miƙa wa dillalin ka huta da amsa saƙonni da tsakar dare. A maki 150, bambancin dala 2 shi ne dala 300. Ka auna ko wahalar neman mutum, da rubuta yarjejeniya, da bibiyar biya, ta cancanci 300. Ga mai yi karon farko, ni dillali nake ba da shawara.

Wajen duba tallace-tallacen wasu, ka lura da wanda aka riga aka kama da wanda ya yi makonni yana zaune. Abin da mutum ya nema daban, abin da aka sallama daban.

Mataki na biyar: wane irin maki ne a hannunka

Duk wanda ya taɓa neman masauki kusa da Harami ya san ɗakin da ake samu da sauƙi a watan Safar, a goman ƙarshe na Ramadan sai an ninka kuɗinsa, kuma sai wanda ya riga. Haka abin yake a nan, sai dai jadawalin maki ya riga ya ɗauke wani sashe na bambancin: makon Kirsimeti da na Ista sun fi cin maki, Satumba ta fi sauƙi. Saboda haka kada ka ƙara kuɗin kowane maki don kawai lokacin cunkoso ne, ka caje shi sau biyu ke nan.

Abin da ke halatta ƙari shi ne fifikon kamu. Mai maki na iya kama ɗaki a masaukinsa na asali, wato wanda ya sayi makinsa a cikinsa, tun saura wata 11, a sauran masaukai kuwa sai saura wata 7. Wannan tazarar ta wata huɗu tana da daraja a wuraren da ɗakuna ke ƙarewa da wuri. Beach Club da BoardWalk ana takawa da ƙafa zuwa wurin shaƙatawa na Epcot, kuma daga Oktoba zuwa farkon Disamba ƙananan ɗakunansu kan ƙare kafin ƙofar wata 7 ta buɗe. Bay Lake Tower ana takawa zuwa wurin shaƙatawa na Magic Kingdom. Idan makinka na irin waɗannan ne, kuma mai hayar ya zo tun saura wata goma, ƙarin dala 1 zuwa 3 a kowane maki daidai ne, don kana ba shi abin da wani ba zai iya ba. Saratoga Springs da Old Key West manya ne, yawanci ana samun wuri ko bayan ƙofar ta buɗe wa kowa, ƙari a kansu ba shi da hujja mai ƙarfi. Da zarar an shiga cikin wata 7 kuwa, fifikonka ya faɗi, farashinka ma ya bi shi.

Sai kuma shekarun makin, in ji masu iya magana, kayan gwari ba a yi musu cinikin hatsi. Kowane mai maki yana da watan da shekararsa ke farawa. Wanda tasa ke farawa a Fabrairu, makinsa na mutuwa ranar 31 ga Janairu mai zuwa, kuma yana da damar tura shi zuwa baɗi ne kawai a cikin wata takwas na farko, wato zuwa 30 ga Satumba. Makin da aka tura sau ɗaya ba a sake tura shi. Don haka kafin ka sauke farashi, duba ko ƙofar turawar na buɗe. In tana buɗe, ba ka cikin matsi, tura shi ka jira mai saye na kirki. In ta rufe, ko makin na bara ne da ka riga ka tura, to agogo ya fara cin kuɗinka.

Ni ga yadda nake ganin saukar. Saura wata biyar ko shida, rage dala 1 ko 2. Saura wata uku, sauko kusa da 12 ɗin nan taka, saboda ɗakunan da suka rage tsinte ne, dare biyu nan, dare ɗaya can. Saura mako shida, duk wanda ya taya 8.50 ko 9 ka sallama, da babu gara ba daɗi. Akwai kuma makin da aka tsare, wanda ke faruwa idan an soke ɗaki saura kwana 30 ko ƙasa da haka. Shi ba ya kama ɗaki sai wanda za a shiga cikin kwana 60, ba a tura shi baɗi, kuma yana mutuwa da ƙarshen shekarar makin. Irin wannan dole ka faɗa wa mai haya matsayinsa ƙarara, farashinsa kuma ya nuna hakan.

Gargaɗi guda a kan aro: kada ka ranto makin baɗi don cike wa mai haya sai ya biya. Abin da aka ranto ba ya komawa shekararsa.

Mataki na shida: sharuɗɗa ma farashi ne

Dala 18 da ba a mayarwa ko da me ya faru, da dala 18 da ka yi alkawarin neman wani ya maye gurbin idan tafiya ta fasa, ba abu ɗaya ba ne. Mutane sun ga haka a 2020, lokacin da aka rufe wuraren shaƙatawar Disney na Fulorida daga tsakiyar Maris saboda annobar korona. Masu haya sun biya, masu maki wasu sun riga sun kashe kuɗin, yawancin yarjejeniyoyi kuwa ba su ce komai a kan irin wannan ba. Kakar guguwar teku ma, daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, tana nan duk shekara.

Saboda haka ka rubuta, ko da shafi ɗaya ne: sunan masauki, irin ɗakin, ranar shiga da fita, adadin maki, kuɗin kowane maki da jimla, sunayen duk masu kwana, da me zai faru in shi ya fasa, in kai ka gaza, ko in masaukin ya rufe. Ka sa cewa za ka ci gaba da biyan kuɗin kula a kan lokaci, domin bashinsa na iya jawo a taɓa ɗakin. Wajen biya, tsarin da na fi ganin ya kare kowa shi ne ka kama ɗakin da sunansa, ka tura masa lambar tabbaci ya gani da idonsa a manhajar My Disney Experience, sannan ya ba da rabin kuɗin a matsayin kafin alƙalami cikin kwana ɗaya ko biyu. Ragowar ya cika saura kwana 60 ko 45, yadda in ya kasa za ka iya sokewa kafin a shiga kwana 30 ɗin da ake tsare maki. Idan kana son cikakken kuɗi tun ranar farko ba mayarwa, to ka sauka zuwa ƙasan farashin kasuwa. Idan za ka yi sassauci, ka hau samansa.

Idan ɗan uwa ne ko aboki

Wannan ya fi kowane lissafi wuya a wurinmu. Ƙanin matarka ya ji kana da maki, ko abokin ƙuruciya zai kawo iyali daga Kano ko Abuja. Zaɓi ɗaya cikin uku, ka faɗe shi da bakinka tun kafin ka kama ɗakin: kyauta ce, ko kuɗin kula kawai zai mayar maka, ko farashin da dillali zai biya ka. Dukkansu mutunci ne. Abin da ke ɓata zumunci shi ne "kar ka damu, ma yi magana", shi ya ɗauka kyauta ce, kai kana jiran dala 1,400.

Wanda zai taso daga gida, a yanke farashin da dala ko da naira zai biya, a kuma amince da canjin ranar da zai tura, saboda tsakanin kamu da tafiya watanni ne. Kada ka kama masa ɗaki da makin da ya kusa mutuwa alhali bizarsa ba ta fito ba. In ya matsa a kama da wuri don kada wuri ya ƙare, ku sa ranar da in bizar ba ta fito ba za a soke, kuma ranar ta kasance kafin ƙofar tura makinka zuwa baɗi ta rufe.

Ga masu makin wasu kamfanoni

Kada ka ɗauki dala 18 ta Disney ka ɗora wa naka. Makin Wyndham ana ƙirga shi da dubbai, hayarsa ma a kan kowane dubu ake yankewa. Na Marriott kuma kowane ɗaya bai kai dala ba. Mafi sauƙi shi ne ka mayar da komai zuwa kuɗin dare guda: nawa daren ya ci maka, nawa otal ɗin ke sayar da shi bayan rangwame da haraji, nawa wasu masu mallaka suka sallama irinsa. Idan kamfaninka na cajin kuɗin sa sunan baƙo a kan ɗaki, ka haɗa shi a cikin jimlar da za ka faɗa tun farko, kada ya fito daga baya.

Wani lokaci lissafin zai nuna maka kuɗin kula kaɗai ya fi abin da otal ɗin ke sayar da daren a intanet. Hakan na faruwa a tsofaffin masaukai da lokutan da ba a rububi. A nan haya za ta rage maka asara ne kawai, sai ka karɓi abin da kasuwa ta bayar a bana, ka fara binciken ko kamfanin na da shirin karɓar mallakarsa. Duk wanda kuma ya kira ka a waya ya ce yana da mai haya a hannu amma sai ka fara tura kuɗin rajista, kashe wayar.